Gafiya ta addabe ni a gidan kaji: bindigar iska zan saya ko karabin 22?

Mai Kaji, Talladjé:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina kiwon kaji da 'yan zabi a bayan gida, ga buhunan dussa da hatsi a ɗan ɗakin ajiya da ke jikin akurki. Tun da damina ta ɗauke gafiya da ɓeraye suka tare a wurin. Ƙwai ba ya kwana, 'yan tsaki kuwa sai dai a wayi gari a tarar da gashi. Da rana kuma ga shirwa. Ba na son zuba guba, yara na wasa a wurin, kaji kuma duk abin da suka gani sai sun tsattsaga. Wani abokina ya ce in sayi bindigar iska, wani ya ce wannan wasan yara ne, in nemi karabin 22 kawai, wato doguwar bindiga mai ƙaramin harsashi. Tsawon filin bai wuce mita 15 ba, katangar bulo ce, bayanta gidan maƙwabci. Wanda ya san kan abin ya taimaka don Allah.

Tsohon Jandarma:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wanda ya ce ka nemi 22 ba masoyinka ba ne. Ƙanƙantarta kada ta ruɗe ka, bindigar albarushi ce kamar kowace. Harsashinta na iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, in kuma ya bugi siminti ko ƙarfe sai ya karkace ya nufi inda ba ka auna ba. A unguwar Talladjé ta Yamai, gida jikin gida, wa za ka ba haƙuri? Riƙe ta ma sai da takardar izini daga ma'aikatar cikin gida. Tun 1994 ƙasar nan tamu ta Nijar ke da hukumar CNCCAI wadda aikinta ke nan, tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. A halin tsaron da muke ciki a ji ƙarar harbi da dare daga gidanka, kafin ka gama bayanin gafiya ka kwana a komisariya. Ita ma ta iskar, ka fara zuwa komisariyar unguwarku ka faɗa musu abin da kake son saye, ka ji daga bakinsu kafin ka fidda ko dala. Daga nesa ba mai bambanta ta da ta gaske.

Makanike, Boukoki:
Maganar Baba haka take. In sun ba ka dama, ga abin da na sani game da ta iska.

Faɗin baki iri biyu aka fi samu, milimita 4.5 da 5.5, harsashinsu kuma ɗan guntun dalma ne. Dalmar 4.5 wajen rabin giram ce, tana da gudu, tana tafiya miƙe, ga araha, ta ishi ɓera. Ta 5.5 ta kusa giram ɗaya, ta fi nauyin duka. Gafiya babba tana wuce kilo ɗaya, don haka ni 5.5 zan ce maka. Ko da ita ɗin sai ka samu kai. In ka same ta a ciki rami za ta shige ta mutu, kwana biyu wari ya kore ku daga tsakar gida, ga alhakin wahalar da dabba.

Ka ɗauki mai sifirin, wadda ake karya bakinta a ɗana. Ba ta buƙatar komai sai dalma da ƙarfin hannunka. Mai 'yar kwalbar gas ta CO2 ba ta jituwa da zafinmu, a watan Afrilu da ake kai digiri 45 ƙarfin gas ɗin hawa yake, harbi ya riƙa canzawa, kwalaben ma ba kullum ake samu ba. Wadda ake dura wa iska, PCP, ta fi kowace saiti da rashin ƙara, amma sai da famfo na musamman mai kai matsin iska bar 200, in roba ɗaya ta lalace kuma ka shiga yawon neman mai gyara. Gamo ta Sifaniya, Hatsan ta Turkiyya, Diana ta Jamus, duk sanannu ne. Kada ka bi babban adadin gudu da ake bugawa a kwali. A mita 15, ƙarfin duka na joule 16 zuwa 20 ya wadatar. A Ingila ma wajen 16 ne iyakar da ake riƙewa ba lasisi, kuma da ita suke kashe ɓeraye a gonakinsu. Mai ƙwallon ƙarfe kuwa kada ka kusance ta, in ya bugi bulo fuskarka yake dawowa.

Wurin harbi guda za ka ware. Ka jingina buhun yashi a gindin katanga, ka shafa tigadege, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, a kan katako gabansa. Da yake abu ne mai danƙo dole gafiya ta tsaya lasa, ba ɗauka ta ruga ba. Kai kuma kana zaune a kujera, bakin bindiga na kallon ƙasa. Kafin nan ka yi kwanaki kana harbin kwali har dalma biyar su riƙa faɗawa wurin da bai fi kwabon dala ashirin ba. Kada ka harba ta babu dalma, kada ka ɗiga mata man inji a ramin iska, duka biyun suna cinye robar fistan. Lokacin sa dalma hannu ɗaya ya riƙe bakin gam, na ga wanda ya fyaɗe masa yatsa.

Hajiya Mai Zabi:
Ni dai ƙanena tambaya ɗaya gare ni, dare nawa za ka iya kwana a kujera sauro na cinka? Buhunan nan su suka gayyato su. Je kasuwar Katako ka sayo tano na ƙarfe mai murfi ka juye dussa da hatsin, da magariba a kwashe kwanukan kaji a share wurin. Ramukan a cusa fasassun kwalabe a shafe da siminti. Ni da tarkon keji na rabu da nawa.

Ɗan Gamkallé:
Alhaji kama ta da rai ka kawo mana, akwai masu yaji 😂 A Tanzaniya ma irinsu ake horarwa suna shinshino nakiya, kai kana neman kashe ma'aikaciya.

Ma'aikacin Kiwo:
Malam, akwai abin da ba a taɓo ba. Kaza tana haɗiye tsakuwa don niƙa abinci a ƙundu, dalmar da ta faɗi ƙasa ma haɗiye ta za ta yi. Ƙundu ya niƙe ta, gubar ta shiga jini, ta kai har ƙwan da yaranka ke ci. Wurin harbin ya zama inda kaji ba sa shiga, buhun yashin kuma a ɗauke shi da safe. Sannan ɓera wajen mako uku take ɗaukar ciki, ta zubo shida, takwas, ko fiye. Muddin abinci na nan, wanda ka harbe yau an riga an haifi madadinsa. Gawar kuma ba a ɗauka da hannu tsirara, fitsarin ɓera na ɗauke da cuta. A sa leda a hannu, a binne da zurfi.

Shirwa kam ka fidda ta daga lissafi. Harbi sama a cikin gari ganganci ne, dalmar gidan wani za ta sauka. Kuma dokar farauta ta 1998 tana nan, ma'aikatan gandun daji ba sa wasa da ita. Ka rufe saman wurin 'yan tsaki da giriyaj, wato ragar waya, ko tsohuwar komar masunta, a bakin kogi ana samu.

Mai Kaji, Talladjé:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na janye maganar 22. Hajiya, gobe in sha Allah zan leƙa Katako. Giriyaj ɗin wane iri zan ce a ba ni? Wanda ke jikin akurkin yanzu ɓera ratsa shi yake kamar ba komai.

Hajiya Mai Zabi:
Wancan na kaji ne, idonsa ya yi faɗi, wayar kuma siririya ce. Ce musu mai ƙananan ido murabba'i, wanda ɗan yatsanka ƙarami ba ya shiga, santimita ɗaya ko ƙasa da haka. Ka sayi da ɗan rara, don sai ka binne gindinsa kamu biyu a ƙasa ka lanƙwasa shi waje, in ba haka ba gafiya ta ƙarƙashi za ta haƙo. Ƙofar ma duba ƙasanta, a buga mata guntun kwano.