Wace kalma za mu ba "diffamation"? Ɓatanci ya yi mata yawa

Mai fassarar labarai, Maraɗi

Assalamu alaikum. Tun da kundin sake gina ƙasa na Nijar na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, dokokin da ake hukunta mutane da su za su ƙara shigowa Hausa, a rediyo da wa'azi da WhatsApp. Kalmar da nake so mu tsayar ita ce ta Faransanci, diffamation, wadda ke ayar doka ta 29 a dokar laifukan intanet ta 3 ga Yulin 2019. Yanzu kusan kowa "ɓatanci" yake cewa, kuma da wannan kalma ɗaya ake fassara injure (zagi), da blasphème (taɓa addini), har da sukar da ɗan adawa ya yi wa minista. Mutum yana kasuwa ya ji an kama wane saboda ɓatanci, nan take zuciyarsa ta tafi kan addini, alhali ƙila rigimar kuɗin kwangila ce.

A garin nan mun san kuɗin fassara mara kyau. A Yunin 2019 an kama wani limami da ya soki daftarin dokar tsara ibada, aka ƙona majami'a a unguwar Zariya, daga baya shi limamin ya ce waɗanda suka fassara masa takardar ne suka ɓatar da shi. Kalmomin da ke gabana huɗu ne: ƙazafi, ƙage, yarfe, ɓata suna. Wacce ta ɗauki nauyin?

Malamin koyar da doka

Wa alaikumus salam. Malam, a fara duba abin da kalmar take nufi a kotu. Ma'anarta ta samo asali ne daga dokar 'yan jarida ta Faransa ta 29 ga Yulin 1881: jingina wa mutum ko wata hukuma wani takamaiman aiki da zai taɓa mutuncinsa ko ƙimarsa a idon jama'a. Dole a sami aikin da za a iya bincikawa, da wanda aka nufa ko da ba a kira sunansa ba muddin ana gane shi, sannan maganar ta kai kunnen wasu.

Ga yadda suke rabuwa a baki. Wanda ya ce magajin gari ya sayar da filin makaranta ya sa kuɗin a aljihu, ya jingina aiki, ana iya zuwa a duba takardu. Wannan diffamation ce. Wanda ya ce magajin gari wawa ne, babu abin da za a bincika. Wannan injure ce, aya ta 30 a dokarmu ta 2019. Wanda ya ce magudanan ruwa sun toshe, damina ta yi ɓarna, magajin gari ya kasa, ya sauka, wannan suka ce, kuma ita ce ainihin abin da 'yancin faɗin albarkacin baki ya zo karewa.

Ƙage ba zai yi ba, don a Hausa ƙage ƙarya ce tun daga tushe. Ita kuwa doka ba ta jiran mai ƙara ya nuna ƙarya aka yi masa. Wanda ya yi maganar shi ke da nauyin kawo hujjar cewa gaskiya ya faɗa, kuma "kowa ya sani" ko "a wani zaure na gani" ba hujja ba ce. Idan muka koya wa jama'a cewa laifin ƙage ne, mutum zai ɗauka tun da ya yi imani maganar gaskiya ce ya tsira, sai ya isa gaban alƙali hannu rabbana.

Hukuncin ma ya yi ta sauyawa a Nijar. Dokar 4 ga Yunin 2010 ta cire ɗauri a laifukan aikin jarida. Ta 2019 ta sa wata 6 zuwa shekara 3 ga wanda ya yi ta intanet. A 2022 aka cire ɗaurin, aka bar tara. A Yunin 2024 aka maido shi: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso, da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa.

Almajirin ilimi, Tibiri

Ƙazafi kam a bar shi inda malamai sunka ajiye shi. Shi ne jifan mai kamun kai da zina ba tare da shaidu 4 ba, kuma haddinsa bulala 80 ne, Suratun Nur aya ta 4. In anka ce an yi wa gwamna ƙazafi a kan kuɗin taki, an haɗa haddi da dokar majalisa, mai sauraro kuma zai zaci laifin fasiƙanci anka laƙa masa.

Abin da Malam ya ce game da gaskiya da ƙarya yana da kama a wurinmu. A hadisin Muslim, in abin da ka faɗa yana tare da ɗan'uwanka ka yi gibarsa, in ba ya tare da shi ka yi masa buhtani, wato ƙage. Ke nan faɗin gaskiya ma yana iya zama cin nama. Amma Imam Nawawi ya kawo wurare 6 da giba ta halatta, a cikinsu akwai kukan wanda anka zalunta gaban mai iko, da neman taimako don kawar da ɓarna, da gargaɗin jama'a daga mai cutarwa. Saboda haka talakan da ya faɗi abin da jami'i ya yi masa don a bi masa hakki, shari'a ba ta rufe masa baki ba. Ni ɓata suna ta fi kwanta mini, don tana ɗaukar mai gaskiya da mai ƙarya duka. Ɓatanci kuma a keɓe shi ga abin da ya shafi Allah da Manzanni da littattafai.

Mai sauraro daga Katsina

Allah gafarta Malam, na yarda. A wajenmu ma ɓata suna ake ji a labarai in an kai ƙarar jarida. Yarfe na siyasa ne, na lokacin kamfe, ba shi da nauyin kotu. Sai dai ina ganin ɓata suna ta yi sauƙi, don yaro ma ana ce masa ya ɓata sunan gidansu. Me zai hana zubar da mutunci, tun da mutunci ne dokar ta ambata?

Malamin koyar da doka

Alhaji, zubar da mutunci sakamako ne, kuma zagi ma yana zubar da shi, har marin mutum a bainar jama'a. In muka ɗauke ta, iyakar aya ta 29 da ta 30 ta goge. Ɓata suna tana da fa'idar da ba a lura da ita: hukuma tana da suna, ana iya ɓata shi, kuma dokar ta haɗa da hukumomi. Ga injure na fi son cin mutunci a kan zagi, domin ma'anarta ta haɗa da kalaman raini da wulaƙanci waɗanda babu ashar a cikinsu.

'Yar jarida, Maraɗi

Malamaina, sauran inda gizo ke saƙa. A takardun Majalisar Ɗinkin Duniya akwai diffamation des religions. Daga 1999 zuwa 2010 ƙasashen Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, Pakistan a gaba, sun yi ta gabatar da ƙuduri da wannan suna, sai a Maris 2011 aka sauya shi da ƙuduri mai lamba 16/18, wanda ya koma kan kare mabiya daga ƙyama da tunzuri. A nan in muka ce ɓata sunan addini, mun bi kalmar; in muka ce ɓatanci, mun bi abin da Bahaushe yake ji. Wanne za a karanta a labarai?

Malamin koyar da doka

Hajiya, a karanta ɓata sunan addinai in ana maganar wancan ƙuduri, domin gardamar kanta a kan kalmar aka yi ta: wasu ƙasashe suka ce mutum ne ke da sunan da doka ke karewa, wasu suka ce addini ma yana da shi. In muka sa ɓatanci mun yanke hukunci a gardamar da ba mu aka ba alƙalancinta ba.

Bambancin yana da amfani wajen bayyana wa jama'a abin da ke faruwa a waje. A Faransa ɓatanci ga addini ba laifi ba ne a doka, shi ya sa kotun Paris ta wanke jaridar barkwanci Charlie Hebdo a 2007 kan zanen Annabi da ta wallafa. Amma tun 1972 cin mutuncin mutane ko ɓata sunansu saboda addininsu laifi ne a can. Musulmi ba zai ji daɗin wannan rabon ba, ni ma ban ji ba, sai dai wajibi ne mai fassara ya isar da shi yadda yake. A Janairun 2015 zanga-zangar Damagaram da Yamai kan wani zanen na wannan jarida ta ci rayuka 10, aka ƙona majami'u na 'yan ƙasa waɗanda ba su zana komai ba.

Yarjejeniyar duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ta ba da 'yancin magana a aya ta 19, ta kuma ce ba a taƙaita shi sai da rubutacciyar doka, don kare hakki ko sunan wasu, ko tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko lafiya da ɗa'ar jama'a, kuma sai in ya zama dole. Aya ta 20 ta wajabta hana kiran ƙiyayya ta addini ko ƙabila da ke tunzura wariya ko tashin hankali. Wannan shi ne kalaman ƙiyayya, kalmar ta riga ta zauna. Game da gwamnati kuma, a Disamban 2014 kotun Afirka da ke Arusha ta ba ɗan jaridar Burkina Faso Lohé Issa Konaté gaskiya, bayan an ɗaure shi wata 12 kan ɓata sunan mai gabatar da ƙara na gwamnati. Kotun ta ce ɗaurin ya wuce kima, kuma mai riƙe da muƙami ya kamata ya fi kowa jure suka.

Almajirin ilimi, Tibiri

A ƙara wa masu wa'azi wannan: Suratul An'am aya ta 108 ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah bisa jahilci. Raddi da hujja daban, ɓatanci daban, ko daga wane ɓangare ya fito.

Mai fassarar labarai, Maraɗi

Na gode, Allah ya ƙara basira. Daga yau aya ta 29 ɓata suna, ta 30 cin mutunci, ɓatanci kuma ba zai fito ba sai in addini ne aka taɓa. A karon farko da kalmar ta zo cikin labari za a faɗi aikin da aka jingina, misali ana tuhumarsa da ɓata sunan wane, saboda ya rubuta a Facebook cewa ya karkatar da kuɗin kaza, don mai sauraro ya san me ake shari'a a kai.

Wadda ta rage, kuma ta fi waɗannan cizo, ita ce aya ta 31, yaɗa bayanan da dokar ta ce de nature à troubler l'ordre public ne, wato masu iya taɓa zaman lafiyar jama'a. Tun 2024 hukuncinta shekara 2 zuwa 5 ne da tarar miliyan 2 zuwa 5. Ba ta tsaya kan wanda ya ƙirƙiri saƙo ba, ta haɗa da wanda ya miƙa shi ga wasu, wato har mai turawa daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan. Ba ta kuma ce sai rikici ya auku ba, cewa ta yi abin da ka iya jawo shi. Tada zaune tsaye ita ce ke zuwa baki, amma tana nuna fitinar ta riga ta tashi. Na fi karkata ga "abin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a". Malam, a duba mana ko "ka iya" ta ɗauki de nature à yadda alƙali zai karanta ta.