Bitamin na ruwa: in ƙara wa yaro, kuma mage za ta iya sha?

Maman Auta, Ɗorayi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona shekara 2 da wata 4, tun da ya tashi daga zazzaɓi ba ya cin komai sai shayi. Na sayo masa bitamin na ruwa, a jikin kwalbar an rubuta mil 5 sau ɗaya a rana, amma surukata ta ce in riƙa ba shi safe da yamma don ya yi saurin murmurewa. Ga shi watan jiya aka ɗiga masa jan ƙwanson bitamin A a asibiti. In ƙara ko in bari? Sannan magenmu ta haihu duk ta rame, Abbansa ya ce in ɗan zuba mata a madara.

Hajiyar Gwale: Wa alaikumus salam. 'Yata, dama masa kunun gyada, ki dafa zogale da hanta. Mu da haka muka raini tara.

Ɗan Kurna: Nawa kika saya? Ni dubu biyu da ɗari biyar na sayo shekaranjiya.

Uwar Biyu: Wane irin dubu biyu? Dubu huɗu da ɗari takwas na biya a Zoo Road. Malam, duba lambar NAFDAC a jikin naka.

Anti Mai Ɗinki: 'Yar uwa, don Allah kar ki ƙara. Bara na sayo wa 'yata maganin ƙarin jini, mai ƙamshin lemo, na ajiye a kan taga ina kan keke ina sauri in gama ɗinkin sallah. Da na ji shiru na leƙa, sai na same ta zaune a bayan labule tana lasar murfin, kwalbar ta kusa rabi, bakinta duk ya yi baƙi. Kafin magariba ta fara amai, har da jini-jini. Kwana uku muka yi a asibiti, ni ban runtsa ba. Likita ya ce sinadarin ƙarfen da ke ciki in ya yi yawa hanta yake taɓawa. Wanda ya sayar min ko kalma ɗaya bai faɗa min ba, kuɗinsa kawai ya karɓa. Har yau in na ji ƙamshin nan gabana faɗuwa yake.

Uwar Biyu: Subhanallah. Allah ya ƙara tsarewa, Anti.

Nas: Maman Auta, ki tsaya a mil 5, kuma da ɗan kofin awon, ba cokalin tuwo ba. Jan ƙwanson nan IU 200,000 ne (IU ma'aunin ƙarfin bitamin ne), awo ne mai yawa, shi ya sa sai bayan wata shida ake maimaitawa. Bitamin A da D taruwa suke a jiki, ba kamar C da yawancin B da rararsu ke fita ta fitsari ba. Ɗan shekara 1 zuwa 3 miligiram 15 na C yake buƙata a rana, rabin lemon zaƙi ya wuce haka. In rashin cin ya ci gaba, a mayar da shi a auna jininsa.

Mai Kemis: Shekarata 18 a kanti, ban taɓa ganin wanda bitamin ya kwantar ba.

Anti Mai Ɗinki: Ai ba kantinka ake kai su ba, Malam.

Hajiyar Gwale: Yanzu kakar yaro ta faɗi magana, sai a bi ta waya?

Ɗan Kurna: Mage da ƙarin bitamin, ni ko garau-garau ban karya da shi ba. Hajiya, ba kwa neman wata magen?

Mai Tattabaru: Na dabbobi daban ne, awonsa da nauyin jiki ake yi. Mage tana haɗa bitamin C ɗinta da kanta, D kuwa in ya yi yawa ƙodarta yake lalatawa. Madarar ma zawo take sa da yawansu. Ki ba ta kifi da nama. Farasitamol kuwa ko kusa, kashe ta zai yi.

Uwar Biyu: Ni abin da ke damuna, tunda aka mayar da dillalan magani Dangwauro, can titin Zariya, masu kemis na unguwa komai ka tambaya sai su ce kuɗin mota ne.

Mai Kemis: Ki hau adaidaita daga Kurna zuwa titin Zariya ki dawo da kwali uku, sai ki zo mu yi lissafi. Ga zafi, ga ba wuta, kayan ruwa in sun lalace wa zai biya ni?

Anti Mai Ɗinki: Au, dama lalacewa suke? To waɗanda suka lalacen ina kuke kai su?