Ɗan kyanwata yana tangaɗi, don Allah a ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, hankalina a tashe yake. Kyanwar da ta haife shi ba tawa ba ce tun asali. Da cikinta ta shigo mana, duk ta rame, ga amai ga gudawa. Maigida bai so ba, ƙanwata ma ta ce in kore ta, amma na kasa. Ta warware, ta haifi huɗu, biyu ba rai. Ɗaya lafiyarsa ƙalau. Ɗayan kuwa in ya miƙe sai ya ware ƙafafu yana layi, ya ɗaga na gaba sama kamar mai hawa bene, ya kife gefe. In ya nufi nono kansa rawa yake yi. Me ke damunsa?

Wata 'yar'uwa: Wa alaikumus salam. Ba ki faɗi satinsu nawa ba. Wajen sati 3 suke fara tafiya, tangaɗin lokacin ba ciwo ba ne, zuwa sati 5 sun daidaita.

Mai tambaya: Sun kai sati 7.

Wani mai kiwo: Hajiya, kin riga kin ba da amsa da bakinki. Aman da gudawar uwar alamar wata cutar kyanwa ce da ake kira fanlukofeniya. In ta kama kyanwa mai ciki, ƙwayar cutar tana hana ɓangaren ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya girma, shi ne kuwa mai daidaita motsi. Shi ya sa rawar kan ke ƙaruwa in ya nufi wani abu, in yana barci kuma shiru. Ba ya jin zafi, abin ba ya ƙaruwa, ba ya shafar ɗan'uwansa, kuma ba shi da magani. Ki shimfiɗa masa abin da ba ya santsi, ki sa kwano mai nauyi, kada ya fita waje.

Anti: Malam, kada ka yanke hukunci ba ka gan shi ba. Ciwon cikin kunne ma yana sa haka. Ki duba ko kansa ya karkace gefe guda, ko idonsa na wulƙitawa. Wannan yana jin magani in an kai shi likita.

Wani matashi: Ni wallahi har yau ban huce ba. Yayana ya shafa wa tawa maganin ƙuma na kare, cikin dare ta hau karkarwa, kafin safiya ta mutu, ko haƙuri bai ba ni ba. Maganin ƙuma mai sinadarin fametirin guba ne ga kyanwa.

Mai tambaya: Ni ma na ɗan ɗiga masa na kare, amma kaɗan ne sosai, kuma tangaɗin ya riga maganin. Ƙuma ce ta dame shi, ba zan zuba ido ta shanye masa jini ba.

Anti: Subhanallahi! Ɗan kaɗan ɗin ma yana kisa. Ki wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ki kai shi likitan dabbobi yau. Kuma kada ki ba shi farasitamol.

Wani mai kiwo: Na faɗa muku ba kunne ba ne. Abin da na ce shi ne.

Mai tambaya: Yana cin abincinsa, yana wasa, kuma tafiya a mota firgita shi za ta yi. Zan ƙara dubawa tukuna. To uwar fa, in ta sake ɗaukar ciki haka za ta haifo?