Masu jinyar ciwon daji a gida, yaya kuke yi da raɗaɗi?

Ɗiyar Jega:
Salamu alaikum ƴan uwa. Innarmu ce ke fama da sankarar mama, likitoci sun ce ta riga ta kai ga ƙashi, aiki ba ya yiwuwa sai dai a rage mata raɗaɗi. Da dare ba ta barci, mu ma ba mu yi, farasitamol ya daina yi mata komi. Don Allah waɗanda sunka taɓa irin wanga jinya ku faɗa muna mi kunka yi.

Wani ɗan Argungu:
Allah shi ba Inna sauƙi. Ƙanwata ku koma wurin likitanta ku tambaye shi mofin na ruwa, wato maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi, kai tsaye, kada ku ji nauyi. Lokacin jinyar Babanmu kawunnanmu sunka tada rigima wai ƙwaya ce za a maida dattijo ɗan maye, wallahi har yau abin na ci mani rai don tsohon ya sha wuya a banza, ran da anka fara ba shi ranan ya yi barci har da minshari, da safe ya nemi kunu da bakinshi. Duk awa 4 ake badawa, ba a jiran sai ciwo ya taso. Kuma ba a kemis ake samu ba sai famasin babban asibiti da takardar likita, wani lokaci ka je a ce ya ƙare, to ku riƙa komawa tun kwalba ba ta kai ƙasa ba.

Wata nas a Birnin Kebbi:
Gaskiya ya faɗi. Ƙari na, mofin na ɗaure ciki sosai, ku nemi maganin sassauta bayan gida tun ranar farko. Gyangyaɗi da tashin zuciya na kwanakin farko suna wucewa. Don Allah banda tramol ɗin kasuwa, banda ƙara awo da kanku, in bai isa ba a gaya ma likita shi ƙara. Tunda a ƙashi yake ku yi maganar gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, a UDUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ba warkarwa zai yi ba amma ko zama ɗaya yana iya rage ciwon ƙashi.

Gwaggon yara, Yauri:
Ɗiyata ni warin gyambon ya fi damun yayata, mutane sunka daina shiga ɗakinta, ta ce wannan ya fi mata ciwon zafi. Nas ta koya muna wanke wurin da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri in ya huce, a daka Flagyl a barbaɗa a rufe, cikin ƴan kwanaki jikoki sunka dawo kan tabarmarta. Masu kawo garin magani a kwaɓa a shafa ku yi masu godiya ku aje, na ga yadda ya ƙara buɗe gyambon.

Wani malamin makaranta, Gwandu:
Kada ku matsa mata da abinci, in cokali biyu na fura ta iya to alhamdu lillah, ku riƙa jiƙa mata leɓe. A juya ta kamar duk awa 2 saboda gyambon kwanciya. Mahaifiyata sallah ta fi damunta, da liman ya zo ya tabbatar mata taimama da sallah a kwance sun halatta sai hankalinta ya kwanta. Kuma ku raba kwanan jinya da ƴan uwanki maza, su ma uwarsu ce.