Mararrabar titi da layin dogo: gadar sama ko ta ƙasa, wacce ce mafita?

Direban_Safe:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin hanya ku taimaka min. Hanyar da nake bi zuwa aiki kullum sai ta tsallake layin dogo, kuma da an sauke ƙarfen nan na tare hanya shikenan, jiya na ƙirga tarago sun fi arba'in suna wucewa a hankali kamar ba za su ƙare ba, ga motar asibiti a bayana tana ta jiniya babu inda za ta bi, wallahi har yanzu abin yana raina. Kuma ko an ɗaga ƙarfen sai a ƙara minti goma kafin gosulon ya warware saboda kowa ya shigo hannun da ba nasa ba. Tambayata, me ya sa ba za a raba titin da layin ba kawai? Kuma in za a raba, gadar sama ta fi ko ta ƙasa?

Mai_Awon_Hanya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu na farko, jirgi ba ya iya tsayawa kamar mota. Ƙafar ƙarfe ce a kan ƙarfe, jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa in ya taka birki sai ya yi fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, shi ya sa ake rufe muku hanya tun ba ku hango shi ba. Kuma ba ya son hawa, tudun da ya wuce mita 1 ko 2 a cikin kowace mita 100 wahala ne gare shi, alhali mota tana hawa 5 ko 6 lafiya lau. To ka ga mafi yawan lokaci titin ne ake ɗagawa ko a nutsar, layin ya zauna inda yake.

In gadar sama ce, sai an bar wajen mita 7 tsakanin layin da ƙasan gadar, kuma wannan tsayin ba a tashi ɗaya ake hawansa ba, sai an ja gangara mai tsawo ta kowane ɓangare, ɗaruruwan mitoci. A nan kuɗin yake tafiya, ba a kan gadar kanta kaɗai ba: gidaje da shagunan da gangarar za ta ci, biyan diyya, ɗauke bututun ruwa da wayoyin wuta, ƙananan tituna da za a toshe bakinsu. Ta ƙasa kuwa wajen mita 5 ta isa tirela ta wuce, gangarar ta fi gajarta, amma rami ne, kuma ruwa rami yake nema. In babu injin zuƙe ruwa mai aiki da magudana mai kyau, ruwan sama ɗaya zai mai da ita tafki. Ga shi dole a yi haƙar jirgi yana ci gaba da wucewa a sama. Ni dai in ƙasar wurin mai riƙe ruwa ce, sama zan zaɓa ko da ta fi muni a ido.

Ummu_Yara:
Ni abin da ke damuna masu tafiya a ƙasa. Ana gama gada sai a katange layin, tsohuwa da mai keken guragu da 'yan makaranta a ce su zagaya ko su hau matakala hamsin. Ba za su hau ba, huda katangar za a yi a koma tsallake layin, kuma yanzu babu ƙarfe babu ƙararrawa. Don Allah duk mai zanen ya fara da su.

Mai_Awon_Hanya:
Gaskiyarki Hajiya, kuma ana iya sa musu hanyarsu mai gangara tun a zane, gyara daga baya ne ke da tsada.

Matafiyi77:
Wasu wuraren ma jirgin suke ɗagewa. A Melbon ta Ostireliya tun 2015 suke aikin cire irin waɗannan mararraba, burinsu 110 kafin 2030, wani wuri sun ɗora layin a kan ginshiƙai sun mai da ƙasan filin shaƙatawa da hanyar keke, wani wuri sun nutsar da shi. A Los Anjalas ta Amurka kuma, layin kaya na Alameda da aka buɗe a 2002, rami suka haƙa mai tsawon kilomita 16 jirgi yana bi ta ciki tituna suna wucewa ta samansa, aikin gaba ɗaya ya kawar da mararraba wajen 200. A Japan har akwai wani suna na musamman ga mararrabar da ke zama a rufe minti 40 ko fiye a cikin awa ɗaya lokacin cunkoso. Amma fa ba kowace ake yi wa gada ba, ana duba yawan jirage da yawan motoci a rana da tarihin haɗari, in jirgi biyu ne kacal a yini ƙarfe mai kyau da fitila sun wadatar.

Direban_Safe:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Namu ya fi ƙarfin jirgi biyu nesa ba kusa ba, kuma wurin kwari ne ruwa yana kwanciya da damina, don haka ta sama ce ke nan. Daga gobe zan fara rubuta lokacin da ake rufewa da lokacin da ake buɗewa na sati biyu, in haɗa da maƙwabta mu kai wa hukuma a rubuce, har da maganar hanyar masu ƙafa da Hajiya ta kawo.