Ina so in fara aika faci (gyaran kod) ga manhajar imel, daga ina zan kama?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Ina ɗan taɓa JavaScript da PHP, kuma ina so in fara sa hannu a manhajojin imel masu buɗaɗɗen tushe. Har na samu matsalar da zan fara da ita: wasu saƙonni in suka shigo mini a Thunderbird, duk inda ƙ take sai in ga Æ™, ɗ kuma ta koma É—. Zan gyara wannan in aika musu. Me zan fara saukewa?

Injiniya Mai Sabar: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka sauke komai tukuna. Buɗe ɗaya daga cikin saƙonnin, ka danna Ctrl+U, asalin rubutun saƙon zai fito. Nemi layin Content-Type ka ga me aka rubuta a gaban charset, wato tsarin haruffan saƙon. A tsarin UTF-8, ƙ bayit biyu ce, C6 da 99. In aka karanta su da tsarin Windows-1252, C6 sai ta zama Æ, 99 ta zama ™. Abin da kake gani ke nan daidai. Sau da yawa mai aikowa ne ya tura UTF-8 ya liƙa masa sunan wani tsarin, ko kuma rubutun ya lalace tun a wajensa kafin ya baro. In haka ne, Thunderbird ba ta yi laifi ba, abin da aka gaya mata ta bi.

Ɗan Fagge: To fa. Bari in duba.

Ummu Hanan: Kafin ya dawo, Injiniya, a ƙara masa da cewa layin taken saƙo dokarsa daban. Takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 2047 ta 1996 ce ta tsara shi, shi ya sa za ka ga abu kamar =?UTF-8?B? a farkonsa. In taken ya yi tsawo ana yanka shi gutsure-gutsure, kowane gutsure bai kamata ya wuce haruffa 75 ba, kuma an hana a raba harafi ɗaya tsakanin gutsure biyu. Masu aikowa da yawa ba sa kiyaye wannan, sai ƙ ta tsage biyu, rabi nan rabi can. Mu masu ɓ da ɗ da ƙ muna cin karo da irin wannan fiye da mai rubutu da zallar Turanci, saboda haka rahotonmu yana da amfani sosai a wajensu.

Bazazzagi: Ni shawarata ma ya bar Thunderbird ta kwamfuta a yanzu. Ba a gina ta (wato a mai da kod ɗinta manhaja mai aiki) ita kaɗai, sai ka sauko da kod ɗin Firefox gaba ɗaya, ka sa nata a cikin jakar comm, sannan ka buga ./mach build ka zauna jira. Gigabait masu yawa na data, ga cin wuri, ga cin RAM. In NEPA ta ɗauke ana tsakiya, batirin laftof ba zai kai ka ba. Tunda ka iya PHP, je ka Roundcube. Tana GitHub, za ka iya tsayar da ita a kwamfutarka cikin yamma ɗaya, kuma ita ce manhajar da yawancin masu cPanel (shafin sarrafa sabar yanar gizo) ke buɗe imel da ita ba tare da sun san sunanta ba. Tun 2023 tana ƙarƙashin kamfanin Nextcloud.

Injiniya Mai Sabar: Gaskiya ne batun nauyi, amma ban yarda ya guje ta kwata-kwata ba. Akwai aiki mai yawa a Thunderbird da ba ya buƙatar gina komai. Shiga Bugzilla, shafin da ake kai musu rahoton matsaloli, ka ɗauki tsohon rahoto da ba wanda ya tabbatar, ka gwada ko matsalar na nan a sabon fitarwa, ka rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya. In abu ne da da yake aiki sannan ya daina, akwai mozregression. Ita za ta riƙa sauko maka da tsoffin gine-gine, kana ce mata wannan lafiya, wannan ba lafiya, har ta matse ta nuna ƴan canje-canjen da suka jawo. Mai kula da kod in ya ga rahoto irin wannan, rabin aikinsa an yi masa. Daga nan ne ma za su fara gane sunanka.

Ummu Hanan: Kuma don Allah in za ka haɗa saƙon a rahoto, ajiye shi a matsayin .eml, ka buɗe ka goge adireshi da sunayen mutane da duk wani sirri. Bugzilla a fili take, kowa na karantawa. Mafi kyau ka ƙirƙiri ƙaramin saƙo na gwaji mai layi biyu wanda ke jawo matsalar.

Hamza Damagaram: Ba wanda ya ambaci waya. Manhajar imel ta waya K-9 Mail ta shiga gidan Thunderbird a 2022, a ƙarshen 2024 kuma Thunderbird ta Android ta fito daga kod ɗin nan. Kotlin ce, tana GitHub, akwai rahotanni masu alamar good first issue, wato waɗanda suka dace da sabon shiga. Sai dai Android Studio ma ba ƙaramin ci yake wa kwamfuta ba. Mai son C kuma ga NeoMutt, cikin ƴan mintuna take ginuwa ko a tsohuwar na'ura. Reshen Mutt ce, wadda Michael Elkins ya fara a 1995, shi ne mai cewa duk manhajojin imel ba su da kirki, tasa dai ta fi dama-dama.

Bazazzagi: Ko wacce ka zaɓa, faci ɗaya matsala ɗaya. Kada ka shiga gyaran layi uku ka ga tazara ba ta yi maka ba ka sake tsara fayil ɗin duka. Mai dubawa zai dawo maka da shi. Kuma yi magana a ƙarƙashin rahoton kafin ka fara, ƙila wani na kai.

Injiniya Mai Sabar: Ranar da ka shirya wa Thunderbird ɗin, su ba ta Bugzilla ake duba faci ba, ta shafin duba kod na Phabricator ne, ana turawa da ƙaramar manhajar moz-phab. Bayanin facin yana farawa da kalmar Bug da lambar rahoton, sai taƙaitaccen abin da ka yi, sai r= da sunan mai dubawa. Za su tambaye ka gwaji, don haka rubuta shi tun farko. In an yi mako shiru, ka tuna musu cikin ladabi a dandalin hira na Matrix. Umarnin ginawa kuma bi na developer.thunderbird.net, kada ka bi tsohon bidiyon YouTube, abubuwa sun sauya.

Ɗan Fagge: Na duba, Yaya. An rubuta charset=windows-1252, kuma duk saƙonnin daga wuri ɗaya suke, tsarin da ke tura mana sanarwa a wajen aiki. PHP ne ma, mai kula da shi ya ce in zo gobe mu duba tare. Roundcube kuma tana saukowa yanzu. Malama Ummu Hanan, ko za ki turo mini misalin taken da ƙ ta tsage biyu? Ina so in gwada in ga yadda za ta nuna shi.

Ummu Hanan: Bari in idar da Magariba in haɗa maka guda biyu, ɗaya mai B ɗaya mai Q, wato hanyoyi biyu da RFC 2047 ta tsara na rubuta irin wannan taken.