Kalmar charge: abin da aka fitar a tattaunawar masu koyon Turanci

Tambayar da ta ta da zancen ita ce, me ya haɗa cajin waya da caji ofis? Waɗanda suka san tarihin kalmar sun ce a fara daga tushe. Ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci wajen ƙarni na 13, asalinta kuma carricare ce ta Latin, wato loda wa amalanke kaya. Car da cargo ma 'yan gida ɗaya ne da ita.

To, riƙe lodin nan, sauran duk za su zo da sauƙi. Ɗan sanda ya ɗora maka laifi, mai shago ya ɗora maka kuɗi, an ɗora wa mutum alhakin kula da ma'aikata, an ɗura wa bindiga albarushi. Ma'anar lantarki daga baya ta zo, a ƙarni na 18. Wannan bayanin ya fi gamsar da ni.

Wasu dai sun ja kunne cewa tushe ba ya warware komai: sojoji su auka wa abokan gaba ma charge ne. Shawararsu, a bar haddace ma'ana ɗaya, a duba kalmomin da ke kewaye da ita, a kuma nemi ƙamus mai misalan jimloli.